Rawanin mabiya Sikh da dokar hular kwano ta masu keke: tambayoyi da amsoshi

Ƙasashen da suka wajabta wa kowane mai keke, babba da yaro, sa hular kwano ba su da yawa a duniya, amma kuma wasu daga cikinsu, irin su Ostireliya da New Zealand da wasu lardunan Kanada, su ne wuraren da ɗimbin mabiya addinin Sikh suka yi ƙaura daga Indiya suka zauna. A waɗannan ƙasashe ne dokar hanya ta ci karo da rawani, har maganar ta kai gaban alƙalai da 'yan majalisa.

Me ya sa mabiyin Sikh ba zai cire rawaninsa ya sa hular kwano ba, ko da na ɗan lokaci ne?

Addinin Sikh ya samo asali ne a yankin Punjab daga koyarwar Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469. A shekarar 1699 jagoransu na goma, Guru Gobind Singh, ya kafa jama'ar da ake kira Khalsa a garin Anandpur, ya kuma ɗora wa duk wanda ya shiga cikinta riƙon abubuwa biyar a jikinsa: gashin da ba a askewa, da ƙaramin matsefi na katako, da munduwar ƙarfe, da gajeren wando na musamman, da ƙaramar wuƙa mai siffar takobi. Rawanin da suke kira dastar shi ne suturar wannan gashi, kuma ƙa'idojin addinin sun wajabta shi a kan namiji. Tsofaffin rubuce-rubucensu sun yi hani ƙarara ga sa hula a madadin rawani, shi ya sa da yawa daga cikinsu ba sa kallon hular kwano a matsayin kayan kariya kawai, suna kallonta ne a matsayin ainihin abin da aka hana su ɗorawa a kai.

Sai mutum ya ga yadda ake naɗa shi kafin ya fahimci sauran matsalar. Gashin da ba a taɓa sa wa almakashi ba tun haihuwa yakan kai har kugu. Da safe mai shi zai taje shi, ya tattara, ya murɗe, ya ƙulle shi dunƙule guda a tsakiyar kai, ya soka matsefin a gindin ƙullin. Yadin rawanin yakan kai mita biyar ko fiye, kuma sau da yawa sai ya sami wanda zai riƙe masa ɗaya bakin, ko ya ɗaure shi a marfin ƙofa, ya ja ya ninke shi siriri, sa'annan ya riƙe bakin da haƙori ya shiga zagaya kai da shi zagaye bayan zagaye har ya rufe kunne da ƙeya. Wanda ya ce masa ya warware wannan a bakin titi, ya hau keke, ya sake naɗawa a ƙofar ofis, ya neme shi ne da ya tsaya da kai a buɗe a bainar jama'a sau biyu a rana, abin da yake babban cin fuska ne a wurinsu.

To, ba za a iya ɗora hular a kan rawanin ba?

Ba ta shiga. Ko an sami babbar da za ta hau, ba za ta zauna daram a kan ƙoƙon kai ba, kuma hular da take lilo a saman tulin yadi tana iya zamewa tun kafin kai ya taɓa ƙasa, don haka amfaninta kaɗan ne.

Waɗanne ƙasashe ne suka ɗage wa masu rawani dokar a kan keke?

Ostireliya ce ƙasar farko da ta wajabta hular kwano ga masu keke. Jihar Victoria ta fara ranar 1 ga Yuli, 1990, kuma kafin ƙarshen 1992 sauran jihohi da yankuna duk sun bi sahu. Da yake kowace jiha ita take tsara dokar hanyarta, sassaucin ma bai zo lokaci guda ba. Victoria da Ostireliya ta Kudu da Ostireliya ta Yamma sun riga sauran ba da shi. A Queensland sai da aka ci wani matashi ɗan Sikh tarar dalar Ostireliya 100 a Brisbane, ya ƙi amincewa ya kai maganar kotu, shari'ar ta ja hankalin jama'a, sa'annan ministan sufuri na lokacin, Scott Emerson, ya sanar da gyaran doka a watan Afrilun 2013. Lafazin gyaran bai ambaci Sikh kaɗai ba. Ya shafi duk mabiyin wani addini da yake sanye da abin rufe kai wanda mabiya addinin suka saba sawa, matuƙar wannan abu ya hana hular zama. Daga baya yankin babban birnin ƙasar, Canberra, shi ma ya yi irin wannan gyara.

Jihar New South Wales, inda birnin Sydney yake, ita ce ta shahara da ƙin ba da kai duk da koke-koken da aka yi ta shigarwa shekara da shekaru, kuma a watan Maris na 2016 ta ɗaga tarar rashin hula daga dala 71 zuwa dala 319. Sakamakon wannan bambanci shi ne mutum guda da rawani guda yana cikin doka a wannan gefen iyakar jiha, da ya tsallaka kuma ya zama mai laifi.

A New Zealand dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1994, kuma hukumar sufuri tana da ikon ba mutum takardar togiya saboda addini ko larurar jiki, amma sai ya nema. A Kanada, lardin British Columbia ya wajabta hular ga kowa a 1996, ya kuma keɓe wanda sa hular zai hana shi wani muhimmin aikin addini. A Birtaniya ba a ma buƙatar togiya, domin ba a tilasta wa masu keke sa hula.

Ina wannan sassauci ya samo asali?

Daga babur ya faro, kuma a Birtaniya. A 1973 ƙasar ta wajabta hular kwano ga masu babur, nan da nan aka shiga kama 'yan Sikh ana cin su tara, wasu suka ƙi biya har aka kai su gidan yari. Sydney Bidwell, ɗan majalisa mai wakiltar Southall a yammacin Landan, unguwar da take cike da mutanen Punjab, shi ne ya gabatar da ƙudurin da ya zama doka a 1976, wadda ta ce wajibcin bai hau kan mabiyin Sikh ba muddin yana sanye da rawani. Hujjar da ta fi taɓa zukatan 'yan majalisa ita ce ta tarihi. Dubban 'yan Sikh sun yi wa Birtaniya yaƙi a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da rawuna a kansu maimakon hular ƙarfe, kuma a lokacin babu wanda ya ce su tsaya a gida don kada su ji rauni. Ƙasar da ta karɓi jininsu a fagen fama da rawani, da wane baki za ta hana su zuwa aiki da shi?

Daga nan abin ya faɗaɗa. Dokar aiki ta 1989 ta ɗage musu sa hular kwano a wuraren gine-gine, wata doka ta 2015 kuma ta miƙa wannan zuwa kusan dukkan wuraren aiki. A Indiya, sashe na 129 na dokar ababan hawa ta 1988 ya keɓe ɗan Sikh mai rawani. A Kanada, British Columbia ta sassauta wa masu babur a 1999 bayan hukuncin kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin, Manitoba ma tana da irin wannan togiya, Alberta da Ontario kuma suka biyo baya a 2018. New Zealand ta zaɓi tsaka-tsaki, ta yarda ɗan Sikh ya hau babur da rawani matuƙar gudunsa bai wuce kilomita 50 a awa ba. Abin lura shi ne jihohin Ostireliya da suka sassauta a kan keke ba su yi hakan a kan babur ba, saboda gudun babur da ƙarfin faɗuwarsa ba ɗaya ba ne da na keke.

Shin rawani yana kare kai kamar yadda hular kwano take yi?

A'a, kuma bai kamata mai goyon bayan sassaucin ya ɓoye wannan ba. Aikin hular keke yana cikin farin soson nan mai tauri da yake ƙarƙashin ɓawonta. Idan kai ya bugi kwalta, soson yana murƙushewa, murƙushewar nan kuma tana tsawaita ɗan lokacin da kai yake ɗauka kafin ya tsaya cak, ta haka ƙarfin da zai isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Shi ya sa ake cewa a jefar da hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ko da ba a ga tsaga a waje ba, domin soson da ya riga ya murƙushe ba ya komawa yadda yake. Yadi kuwa yana lotsewa nan take, ba ya shanye bugu ta wannan hanya, kuma rawani ba shi da igiyar haɓa da za ta riƙe shi idan mutum ya wuntsila.

Masu bincike biyu na Jami'ar New South Wales, Jake Olivier da Prudence Creighton, sun tattara nazarce-nazarce 40 da suka shafi masu keke fiye da 64,000 da suka ji rauni, suka gano cewa sa hula yana tafiya tare da raguwar raunin kai da kashi 51 cikin ɗari, mummunan rauni da kashi 69, rauni mai kisa kuma da kashi 65. A ɗaya ɓangaren, a 2024 masu bincike a Imperial College ta Landan sun gwada salon naɗi daban-daban a kan kawunan gwaji, suka ga cewa rawani yana rage haɗarin fashewar ƙoƙon kai a wuraren da yadi ya yi kauri idan aka kwatanta da kai tsirara, kuma salon naɗin yana da tasiri, amma kariyar ba ta kai ta hula ba. Wato rawani ya fi babu, amma wanda ya hau keke da shi ya ɗauki ƙarin kasada, kuma ya dace ya san haka.

Idan haka ne, me zai sa gwamnati ta ƙyale mutum ya jefa kansa cikin haɗari?

A nan ne kotuna suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. A 1978 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yi watsi da ƙarar wani ɗan Sikh mai babur daga Birtaniya kan hukuncin da aka yi masa kafin gyaran dokar 1976, tana mai cewa kare lafiya dalili ne da ya isa a taƙaita 'yancin addini. A 1985 kotun ƙolin Kanada ta goyi bayan kamfanin jirgin ƙasa na ƙasar a shari'ar Bhinder, ma'aikacin da ya rasa aikinsa saboda ya ƙi sa hular kwano. A watan Yulin 2019 kuma babbar kotun harkokin mulki ta Jamus da ke Leipzig ta yanke cewa addini kaɗai bai isa ya ba ɗan Sikh mai babur togiya ba. Hujjarta ita ce hular ba mai ita kaɗai take karewa ba, domin direban da ya buge mutum ya ga kan mutumin a fashe zai daɗe da wannan tabo a zuciya, kuma wanda bai suma ba ya fi iya janye kansa daga titi ko ya kira agaji. Kotun ta kuma lura cewa mutumin yana da mota, don haka hana shi babur bai hana shi zirga-zirga ba.

Waɗannan hujjoji suna da nauyi, amma a ganina ba su rinjaya a kan keke ba. Ɗan Sikh mai riƙo da addininsa ba zai sa hular ba ko an ninka tarar sau goma, abin da zai yi shi ne ya ajiye keken. Ke nan dokar ba ta ƙara kai ko guda cikin hula ba, sai dai ta rage mutum guda daga masu motsa jiki, ta kuma raba ɗalibi ko sabon baƙon da ba shi da kuɗin mota da abin hawa mafi araha. Kasadar da ake magana a kai kusan gaba ɗaya a kan mai rawanin take, kuma shi baligi ne mai hankali. Sa'annan ƙasashe irin su Holan da Denmark, inda keke ya zama abin hawan kowa, ba su wajabta wa manya hula ba, sun dogara ne ga hanyoyin keke na daban da rage gudun motoci a cikin gari. Wannan ya nuna cewa hula ɗaya ce daga cikin hanyoyin kare mai keke, kuma gwamnatin da ta damu da ran mai rawani tana da sauran abin yi ban da tara.

Wannan ba fifita wani addini ba ne a kan sauran jama'a?

An daɗe ana wannan ƙorafi. A Birtaniya wani dattijo mai suna Fred Hill, wanda ba ɗan Sikh ba ne, ya yi ta hawa babur ba hula yana ƙin biyan tara, yana cewa 'yancin da aka ba wasu a bai wa kowa, har ya rasu a gidan yarin Pentonville a 1984. Ba a raina irin wannan tsayuwa. Sai dai doka guda ba ta faɗa wa kowa da nauyi guda. Ga mafi yawan mutane hular zafi ce da ɗan takura, ga mai rawani kuwa zaɓi ne tsakanin addininsa da hanya. Sassaucin yana ƙoƙarin daidaita nauyin ne, kuma shi ya sa lafazin Queensland ya fi na Birtaniya adalci, domin ya dubi larurar maimakon sunan addini.

Musulmi mai rawani ko mace mai hijabi za su iya cin gajiyar wannan?

A inda doka ta ambaci Sikh da suna, ba za su iya ba. A inda lafazin ya game kowane addini, sharaɗin shi ne abin da yake kai ya hana hular zama. Hijabi mai laushi yana shiga ƙarƙashin hula ba tare da wahala ba, don haka da wuya ya cika sharaɗin. Rawani a wurin Musulmi kuwa malamai suna ɗaukarsa sunna ko al'ada mai daraja, kuma a ƙasar Hausa ya fi zama alamar sarauta da malanta, mai shi yana iya sauke shi ya sa hula ba tare da ya saɓa wa wani wajibi ba.

Masu karatu a Nijeriya za su tuna farkon 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa masu babur sa hular kwano, aka riƙa ganin 'yan acaɓa a Kano da ƙwarya a ka an huda ta an zura igiya, wasu da tukunya ko robar fenti. Dalilan wancan lokaci tsadar hula ne, da ƙyamar sa wadda wani ya cire, da tsoron asiri. Waɗannan matsaloli ne da araha da tsafta da wayar da kai suke magancewa, saɓanin na ɗan Sikh wanda ko kyauta aka ba shi sabuwar hula ba ta warware masa komai ba.

Yaya ɗan sanda zai gane mai gaskiya daga wanda ya naɗa ƙyalle don guje wa tara?

Togiyar tana aiki ne kawai lokacin da rawanin yake kai. Ɗan Sikh da ya aske gashinsa, ko ya fito da hular wasanni, hukuncinsa ɗaya da na kowa. Kuma wanda zai ɓata lokaci yana naɗa mita biyar na yadi don kada ya sa hular da ake ɗaurewa cikin daƙiƙa biyar ya wahalar da kansa ne kawai.

Idan aka buge mai rawani, za a biya shi cikakkiyar diyya?

Ya danganta da ƙasa, kuma wannan ne wurin da ya kamata mai keke ya bincika tun kafin wani abu ya faru. Dokar Birtaniya ta 1989 ta fito fili game da wuraren aiki: idan ɗan Sikh mai rawani ya ji rauni, wanda ya jawo haɗarin zai biya ne gwargwadon raunin da zai samu da a ce yana sanye da hula, sauran kuma yana wuyan mai rawanin. A kan titi ma kamfanonin inshora sukan nemi a rage diyya da hujjar cewa rashin hula ya ƙara munin raunin. Samun togiya daga tara abu ne daban, samun cikakkiyar diyya kuma abu ne daban.

Togiyar ta shafi gasar tseren keke?

Yawanci ba ta shafa ba, domin masu shirya gasa suna da ƙa'idojinsu. Hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta hula ga ƙwararru a 2003, bayan rasuwar ɗan tseren Kazakhstan, Andrei Kivilev, wanda ya faɗi a gasar Paris zuwa Nice ba hula a kansa. Ko a Indiya an taɓa hana wani ɗan Sikh shiga gasar dogon zango saboda ya ƙi sauke rawani, har maganar ta kai kotun ƙolin ƙasar a 2018. Cikin cincirindon masu gudu kafaɗa da kafaɗa, haɗarin ya wuce na mai zuwa kasuwa nesa ba kusa ba, don haka tsananin masu gasa yana da dalili.

Yaya batun yara?

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin hujjar da ta fi ƙarfi a kan manya, wato mutum ya zaɓa wa kansa da saninsa, ba ta aiki a kan ɗan shekara bakwai. Yaro bai auna kasada ba, shi ne kuma ya fi yawan faɗuwa. Duk da haka akwai dokokin da suka haɗa da yara a cikin togiya, kamar ƙa'idar Birtaniya da ta wajabta wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 hular hawan doki amma ta keɓe yaron Sikh mai rawani.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne yawancin yaran Sikh ba sa naɗa cikakken rawani tukuna. Suna ɗaura ɗan ƙaramin ƙyalle ne da ake kira patka, wanda yake lulluɓe kai da ƙullin gashin da yake tsakiya. Cikas ɗin kawai shi ne wannan ƙulli, wanda yake ɗaga hula ta karkace, har wasu iyaye sukan sayi wadda ta fi kan yaron girma ko su ƙwaƙule soson ciki don ƙullin ya sami wuri, abin da yake lalata ainihin sashen da yake ba da kariya. Wata uwa a lardin Ontario, Tina Singh, ma'aikaciyar lafiya da ta yi aiki da masu raunin ƙwaƙwalwa, ta ƙera wa 'ya'yanta hula mai ɗan tudu a sama inda ƙullin zai shige, ta sami shaidar cika ƙa'idojin kariya, kuma yanzu ana sayar da ita da sunan Bold Helmets. Ba dukkan 'yan Sikh ne suka yi na'am da ita ba, domin wasu suna ganin hula hula ce ko yaya aka ƙera ta, wasu kuma suna fargabar hukumomi za su fake da ita su janye togiyar manya. Wannan fargaba tana da tushe, kuma ya rage wa hukumomi su bayyana cewa hular yaro mai patka ba hujja ba ce a kan baligi mai cikakken rawani. Ga iyayen da fahimtarsu ta addini ta yarda da ita, shawarata ita ce su saya, su auna kan yaron da patka a ɗaure kafin su zaɓi girma, su kuma tabbatar igiyar haɓa ta kama yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su iya shiga tsakaninta da fata.